Yadda Ake Zana Fagen Yaƙi da Asid a Kan Jan Ƙarfe, Bisa Hanyar Jacques Callot

A shekarar 1633 aka buga wa Jacques Callot, mutumin garin Nancy a ƙasar Lorraine, wadda a yau take gabashin Faransa, jerin hotuna 18 a birnin Faris a kan masifun yaƙi. Kowane hoto faɗinsa kimanin santimita 18 ne, tsayinsa kuma 8 da 'yan kai. A cikin na uku, wanda ya nuna karon rundunoni biyu, gawarwakin mutane da na dawakai suna zube a gaba baƙi wuluk, a tsakiya barade sun cakuɗe cikin hayaƙin bindiga, can baya kuma layukan dakaru sun dusashe har sun kusa komawa launin takarda. Babu wani launi a hoton sai baƙar tawada, amma ido yana shiga ya yi tafiya mai nisa. Abin da ya kawo wannan nisa shi ne tsawon lokacin da kowane layi ya yi a cikin asid. Wannan dabarar nake so mai karatu ya iya da hannunsa, tun daga goge faranti har zuwa ɗaga takarda.

Aikin a taƙaice haka yake: a shafe farantin jan ƙarfe da abin da asid ba ya ci, a yi zane da allura ta yadda ƙarfen zai bayyana a wuraren da allurar ta bi, a sa farantin a asid ya ci waɗannan wurare su zama ƙananan ramuka, a cusa tawada a ramukan, sannan a matse jiƙaƙƙiyar takarda a kai ta tsotso tawadar. Asalin dabarar ta maƙeran sulke ce, da ita suke yi wa kwalkwali da takobi ado, har Daniel Hopfer na Augsburg a Jamus ya fara buga hoto da ita wajen shekarar 1500. Ta fi sassaƙar ƙarfe da ƙwaƙulo sauƙi nesa ba kusa ba, domin mai sassaƙa sai ya yi shekaru yana koyon tura baƙin ƙarfe cikin jan ƙarfe, shi kuwa mai asid duk wanda ya iya riƙe alƙalami zai iya farawa. Da Yaƙin Shekara Talatin ya ɓarke a Turai a 1618 ya ci gaba har 1648, sarakuna suna son a nuna nasarorinsu, talakawa suna son ganin yadda aka yi wa gari kaza ƙawanya, sai wannan sana'a ta samu kasuwa. Matthäus Merian a Frankfurt ya cika littattafai da taswirorin fagagen daga irin su Breitenfeld ta 1631 da Lützen ta 1632, inda aka kashe sarkin Suwidin Gustavus Adolphus.

Callot ya koyi aiki a Roma, ya yi wa gidan sarautar Medici aiki a Florence, ya koma gida a 1621, ya rasu a 1635 bayan ya bar hotuna sama da 1,400. Abu uku ya gyara a sana'ar: shafin da ake yi wa faranti, bakin allura, da yadda ake mayar da faranti cikin asid sau da yawa. Duka za su zo a wurarensu.

Kayan da za ka tanada, da waɗanda za ka guje wa

Nemi farantin jan ƙarfe tsantsa mai kaurin milimita 1, ka yanka shi santimita 8 da 18 irin na Callot, ka kuma ajiye wani ɗan siriri na gwaji. Za ka buƙaci magagari, gawayi mai laushi, garin alli, ruwan kal, kyandir, allurar ɗinki babba da aka kafa a itace, dutsen washi, faffaɗan mazubi na roba, safar hannu da tabarau na kariya.

Maganar asid ita ce ba a wasa da ita. A zamanin Callot ana dafa ruwan kal da gishiri da sinadarin amoniya da koren tsatsar jan ƙarfe, a jingine faranti a yi ta kwarara masa ruwan, kamar yadda Abraham Bosse ya bayyana a littafinsa na 1645, wanda shi ne jagora na farko da aka buga a kan wannan sana'a. Wasu kuma asid ɗin naitirik suke sawa, wanda hayaƙinsa ke lalata huhu. Kai ka nemi ferik kulorayid, ruwan nan mai launin tsatsa da masu haɗa allon kayan lantarki ke cin jan ƙarfe da shi. Ba ya fitar da mugun hayaƙi, kuma yana cin layi a miƙe zuwa ƙasa, abin da ƙananan mutane a zanen yaƙi suka fi buƙata ke nan. Duk da haka yana ƙona ido, yana ɓata tufafi har abada, kuma yana cin mazubin ƙarfe, don haka roba ko gilashi kawai. Kada ka kusanci ruwan batir. Haɗarinsa ga jiki babba ne, kuma ba zai ci maka jan ƙarfe yadda kake so ba.

Gyaran faranti

Fara da gefuna. Bi su da magagari a karkace har kaifin ya tafi, in ba haka ba za su yanka takarda da bargon injin bugu. Daga nan goge fuskar farantin da gawayi da ɗan mai har ta yi sheƙi, domin duk ƙarzar da ka bari za ta riƙe tawada ta fito a hoto kamar layin da ba kai ka ja ba. Sai ka kwaɓa garin alli da ruwan kal ka wanke maiƙon duka. Gwajin shi ne ka zuba ruwa: in ya shimfiɗu bai tsinke ba, faranti ya wanku, in ya dunƙule ya bar wani wuri a bushe, akwai sauran maiƙo, sake wankewa. Daga nan yatsa ba ya sake taɓa fuskar.

Shafi

Kafin Callot, shafin da ake amfani da shi mai laushi ne, yana ɓamɓarewa a tsakiyar aiki, asid ya shiga inda ba a gayyace shi ba ya ɓata wahalar wata guda. Shi ya sa masu zane ba sa yarda su zuba dogon aiki a faranti ɗaya. A Florence Callot ya ɗauki banishin da masu yin kayan kiɗa na tsirkiya ke shafa wa itace, haɗin man linsid da wani irin ƙaro, ya gasa shi a kan faranti ya yi tauri. Da wannan ne ya iya zuba mutane sama da dubu a hotonsa na kasuwar Impruneta ta 1620 ba tare da fargabar shafi zai ci amanarsa ba.

Kai ba sai ka kai ga gashin banishi ba. In ka samu shafin da aka haɗa don wannan aiki, saya. In ba ka samu ba, narka kakin zuma kashi 2, garin kwalta busasshiya mai tauri kashi 2, da ƙaron nan mai ruwan zuma da masu gyaran rediyo ke liƙa dalma da shi kashi 1, a wuta kaɗan kuma a waje, ka zuba cikin ruwan ɗumi ka dunƙula. Ƙaron da muke sawa a tawadar allo ba zai yi ba, domin yana narkewa a ruwa. Ɗumama farantin, ka goga dunƙulen a kai, ka baza shi da ɗan matashi na fata ko abin murzawa na roba har ya zama siriri mai launin ruwan shayi ko'ina daidai. Tun yana da ɗumi ka kifa shi ka riƙe da filaya, ka riƙa wucewa da harshen kyandir a ƙarƙashinsa ba tare da lagwani ya taɓa ba, har hayaƙin ya narke cikin shafin ya mai da shi baƙi. Amfanin wannan shi ne duk layin da ka ja zai fito ja yana ƙyalli, ka ga aikinka. Idan lokacin hunturu ne ka yi wannan a ɗaki rufe, saboda ƙwayar ƙura ɗaya a cikin shafi tana zama ƙofar asid. A watannin zafi kuma kada ka bar farantin a rana ko a mota. Bayan farantin da gefunansa ka rufe su da salatif mai faɗi.

Tsara fagen tun a takarda

A nan ya kamata a daɗe. Masu zanen yaƙi na wancan ƙarni suna da hanya biyu. Ta farko ita ce kallo daga sama kamar taswira. Da sojojin Sifen ƙarƙashin Ambrogio Spinola suka karɓe garin Breda a 1625, Gimbiya Isabella mai mulkin yankin ta sa Callot ya zana ƙawanyar, ya yi ta a faranti 6 da ake haɗawa su zama hoto ɗaya mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi. A ƙasan hoton mutane da dawakai ne manya kamar kana tsaye kusa da su, amma kana ɗaga ido ƙasar tana miƙewa tana zama taswira mai nuna ganuwa da ramuka da sansanoni. Haka ya yi wa Sarkin Faransa Louis na 13 a kan La Rochelle, haka kuma Stefano della Bella na Florence ya yi a kan Arras a 1641. Hanya ta biyu ita ce a sauko ƙasa a shiga cikin turmutsutsun, wadda Antonio Tempesta ya shahara da ita a Roma tun kafin Callot. Mai farawa ya ɗauki ta biyu, a ɗan ƙaramin faranti mai faɗi.

Raba takardarka gida uku daga ƙasa zuwa sama, amma kada su zo daidai. Gaba ya ɗauki mutum uku zuwa biyar kawai, manya, kowanne da abin da yake yi: doki ya faɗi ya danne ƙafar mahayinsa, wani yana jan ɗan'uwansa, tuta a ƙasa. Tsakiya ita ce wurin karo. Baya kuwa ba mutane za ka zana ba, alamarsu za ka yi: ɗigo shi ne kai, gajeren layi shi ne jiki, dogon layi a tsaye shi ne mashi. Dakarun wancan zamani suna riƙe māsu masu tsawon kusan mita 5, kuma suna tsayawa a dunƙule, masu bindigar lagwani a gefensu. Wannan ya sauƙaƙa wa mai zane aiki ƙwarai, domin layuka 40 a jere a tsaye sun isa su ce ga runduna, in kuma suka karkata gefe guda ido ya san rundunar ta taso. Hayaƙin albarushi shi ma abokin aikinka ne. Bar shi fari, ka kewaye shi da 'yan layuka masu lanƙwasa, ka bar kan doki ko hannu mai ƙaramar bindiga ya leƙo daga ciki. Wurin da ka bari fari shi ke ba cunkoson numfashi, kuma sababbin hannu kusan kullum cika shi suke yi.

Ina so a lura da abin da Callot ya zaɓa ya sa a gaba, domin duk abin da ke gaba shi zai fi daɗewa a asid, shi zai fi baƙi, shi ido zai fara gani. A hotunan da sarakuna suka biya, kwamanda ne a kan doki yana nuni da sanda. A jerin 1633, shekarar da sojojin Faransa suka shiga Nancy, yaƙin kansa hoto ɗaya kacal ya samu cikin 18. Mafi yawan sauran kwasar ganima ne a gidan gona, ƙona ƙauye da wurin ibada, hukuncin da ake yi wa sojojin da suka yi ɓarna, naƙasassu a ƙofar asibiti, da manoman da suka yi kwanton ɓauna suka rama. A hoto na 11 wata babbar bishiya ce a tsakiya da mutane kimanin 20 rataye a rassanta, limamin coci yana kan tsani yana miƙa gicciye ga wanda za a rataye, a gindinta wasu suna jefa ɗan lido a kan ganga, rundunar kuma ta yi da'ira can nesa da māsunta a tsaye. Ni a ganina wannan zaɓi ya fi duk wata dabarar allura nauyi. Kafin ka taɓa faranti ka san wanda za ka ba mafi zurfin layi, kuma ka san dalili.

Idan zanen ya kammala, tuna cewa bugu yana juya komai. Wanda ka ba takobi a hannun dama a faranti zai fito bahago a takarda, runduna guda kuma ta bahagwai abin kunya ce da masu wannan sana'a suke kiyayewa. Ka kwafi zanen a takarda mai shara-shara, ka juya ta, ka shafa jan alli a fuskar da za ta kwanta a kan shafi, sannan ka bi manyan layukan da fensir ba tare da dannawa sosai ba. Ajiye madubi kusa, ka riƙa duba asalin zanen ta cikinsa.

Allura

Ba a so allura ta ƙwaƙuli ƙarfe. Shafin kawai za ta buɗe, ka ji tana santsi a kan jan ƙarfen. In ba ta kai ga ƙarfen ba asid ba zai ci wurin ba, layin zai fito a tsittsinke. In ka danna da yawa za ta riƙa sarƙewa. Ɗan dakusa bakinta a dutsen washi yadda za ta juya kowane gefe. Ɗora wani katako a kan 'yan tsinke biyu ya haye farantin, hannunka ya huta a kansa, domin gumin hannu da zobe duk suna ɓata shafi. Ɓurɓushin da allura ke tayarwa ka share shi da burushi mai laushi.

Allura ta biyu ita ce wadda Faransawa ke kira échoppe, kuma da sunan Callot aka san ta. Ɗauki ƙarfe mai kaurin tsinken ashana, ka wasa bakinsa a karkace har yankan ya zama mai siffar ƙwai. In ka ja da gefen yankan layi zai fito siriri, in ka murza ƙarfen tsakanin yatsu yayin da kake ja sai layin ya kumbura, ka sake murzawa ya koma siriri. Da layi ɗaya irin wannan Callot ke fitar da cinyar doki ko naɗin mayafi, inda wani zai jera layuka biyar. Yi amfani da ita a mutanen gaba kawai. Na baya allura mafi siriri ce tasu.

Akwai kuskuren da ke kashe faranti da yawa. In layuka suka matsu da juna a wurin da zai daɗe a asid, bangon da ke tsakaninsu yana rushewa, wurin ya zama faffaɗan rami mara riƙe tawada, sai ya fito toka-toka a inda ka so baƙi. Don haka a gaba ka buɗa tazarar layuka, a baya ne za ka iya matse su.

Asid, da rufewa, da sake komawa asid

Fara da farantin gwaji. Ja layuka iri ɗaya daga wannan kai zuwa wancan, ka sa shi a ruwan, bayan minti 5 ka ciro ka ɗauraye ka shanya, ka rufe kashi ɗaya, ka mayar. Yi haka a minti 10, da 20, da 40, da 60. Buga shi ka ajiye takardar, ita ce ma'auninka. Babu wanda zai ba ka lokaci tabbatacce daga nesa, domin ƙarfin ruwan yana raguwa da amfani, kuma a zafin Afrilu ya fi saurin ci a kan sanyin Janairu. Abin rufewa kuwa, ƙaron nan na masu rediyo da aka narkar a sifirit yana yi, jan farce ma yana yi a ƙananan wurare. Ka bar shi ya bushe sarai kafin faranti ya koma ruwa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wannan hikimar: zanen da aka tsoma sau ɗaya shuɗi ne mai haske, wanda aka yi ta mayarwa ya koma baƙi, inda aka ɗaure kuma baba ba ya shiga. To haka farantinka. Tsomawa ta farko ta kowa ce, gajeriya. Ciro, ɗauraye, shanya, sannan ka ɗauki burushi siriri ka rufe sararin sama da tsaunuka da garin da ke can nesa. Sun gama cin rabonsu ke nan. Mayar, ciro, rufe rundunar baya da māsunta. Mayar, ciro, rufe layukan hayaƙi da dawakan da ke cikinsa. Haka za ka yi ta matsowa gaba har ya rage mutanen gaba kaɗai, su kuma a ƙarshe ka rufe fuskokinsu da hannayensu ka bar inuwar da ke ƙarƙashin doki da cikin naɗin tufafi ta ci gaba da nutsewa. An san rufewa kafin Callot, amma sau ɗaya ko biyu ake yi. Shi ya mai da ita matakai da yawa, saboda yana da shafin da zai jure. Ga mai farawa matakai 4 sun isa, sai dai tazarar ta zama mai yawa: in baya ta samu minti 5, gaba ta samu kusan awa guda. Tazarar minti 5 da 8 ido ba zai gan ta a takarda ba.

Ferik kulorayid yana barin laka a cikin layin da yake ci, lakar kuma tana tsayar da cin. Saboda haka kifa farantin a kan 'yan guntayen roba yadda fuskarsa ba za ta taɓa ƙasan mazubi ba, ko ka tsayar da shi a tsaye, lakar ta riƙa zuba. In ka ajiye shi a rigingine, riƙa share shi da gashin tsuntsu a hankali, kamar yadda mutanen wancan zamani suke yi. Duk lokacin da ka ciro, duba da gilashin ƙara girma ko akwai ɗigon ja inda ba ka zana ba, ka toshe shi nan take. In kana son sanin zurfin layi, sa bakin allura a ciki a wani gefe ka ji yadda ta kama.

Ruwan da ya gaji kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, domin yana ɗauke da narkakken jan ƙarfe mai kashe kifi da shuka. Zuba masa sodar wanki kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, bar shi ya kwanta, ka ajiye lakar a rufaffiyar roba mai alama, inda yara ba sa kaiwa.

Tawada da takarda

Cire salatif, wanke shafin da kananzir, abin rufewa da sifirit, jan farce da abin goge shi. Tawadar wannan aiki ta mai ce, mai kauri. In ba ka samu tata ta musamman ba, matsa baƙin fenti na mai irin na masu zane a kan kwali ka bar shi ya tsotse rarar man. Ɗumama farantin kaɗan, ka baza tawada da guntun kwali mai tauri kana dannawa ta kowace fuska har kowane layi ya cika. Sai gogewa. Samu ƙyalle mai shara-shara irin na tatar koko, a sa masa sitaci ya yi ɗan tauri, ka dunƙule shi ka riƙa zagayawa a fuskar farantin da sauƙi. Taurin ne ke hana shi shiga ramuka ya kwashe abin da ke ciki. Da hoton ya fara bayyana sai ka shafa ɗan alli a gefen tafin hannunka ka ƙarasa da shi cikin sauri. A sararin sama da rundunar baya ka yi hattara, layukansu ba su da zurfi, shafa biyu na ƙari suna iya kwashe su. Goge gefunan faranti tas.

Takarda ta zama ta auduga mai kauri, irin ta masu zanen launin ruwa. Jiƙa ta minti 20 zuwa 30, ka sa ta tsakanin tawul biyu ka danne har ƙyallin ruwa ya tafi amma tana da laushi. Busasshiyar takarda ba ta lanƙwasa ta shiga rami. A hunturu ka ajiye jiƙaƙƙun a cikin leda, in ba haka ba kafin ka gama goge faranti sun bushe.

Bugu

Wannan ne wurin da ya fi wahalar samu. Goga bayan takarda da cokali ba zai fito da wannan aiki ba, sai matsi mai ƙarfi tsakanin gangar inji biyu. A hoton da Bosse ya yi na ɗakin bugu a 1642 ana ganin injin katako mai hannaye kamar tauraro, mai bugu ya kama ɗaya da hannu ya taka wani da ƙafa yana ja da dukkan nauyinsa, wani a gefe yana goge faranti da tafin hannu, hotuna kuma rataye a igiya suna shan iska. Ka tambaya a sashen zane-zane na jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa da kai; sana'ar bugun zane ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, Bruce Onobrakpeya da ya yi suna a kanta a Zariya ya yi karatu. In ba a dace ba, injin taliya 'yar murji yana iya buga ɗan gwaji, muddin farantin bai wuce rabin milimita ba kuma ka shigar da shi ta tsawonsa. Matsinsa bai kai ba, don haka layukan baya za su fito a raunane, amma za ka ga aikinka.

Jerin shi ne faranti a ƙasa fuskarsa sama, takarda a kai, sannan bargon ulu mai matsattsen saƙa, biyu ko uku a babban inji. Murza a tafi ɗaya ba tsayawa, domin inda ka tsaya zai bar layi. Ɗaga takardar daga kusurwa ɗaya a hankali. Alamar gefen faranti da ta nutse a takarda ita ke nuna matsi ya isa, kuma ya kamata ta zo daidai a ɓangarori huɗu. Shanya hoton tsakanin kwalaye da nauyi a kai na 'yan kwanaki don kada ya tattare.

Bugun farko na dubawa ne. In gaba da baya sun zo da baƙi ɗaya, sake shafa farantin, amma wannan karon kada ka sa hayaƙi don ka ga tsofaffin layuka, ka tabbata shafin ya shiga cikinsu, sannan ka ƙara sababbin layuka a gaba ka ba su dogon lokaci. In baya ce ta yi nauyi, goge ta da ƙarfe mai santsin baki da ɗigon mai, ramukan za su rufe kaɗan su rage tawada. Layin da ya ɓaci gaba ɗaya ana kankare shi, a goge wurin da gawayi. Kowane gyara ka buga ka rubuta lambarsa da fensir a ƙasan takarda. Rembrandt, shahararren mai zanen Holan, ya riƙa sauya faranti ɗaya sau da dama, kuma ta irin waɗannan bugu ne ake bin sawun aikinsa a yau. Jan ƙarfe yana da laushi, kowace gogewa da kowane matsi suna cinye shi, kuma layukan da suka yi minti 5 a asid su ke fara ɓacewa. Saboda haka ka buga kyawawan kofenka da wuri, ka riƙa gwada kowane na goma da na farko. Da ka gama, wanke tawadar da kananzir har cikin layuka kafin ta bushe, shafa wa farantin basilin, ka naɗe shi a takarda mai tsabta.